Me ya haɗa Elvis da Metallica har ake kiran kiɗansu da suna ɗaya?

Ummi_23 ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya ga masana kiɗan Turawa. Ana mana darasi a kan tarihin Amurka bayan yaƙin duniya na biyu, malaminmu ya ce mu saurari waƙoƙin zamanin. Na fara da Elvis Presley, na ji abu mai daɗi, na rawa. YouTube ya yi ta jero min wasu har na faɗa kan Metallica, ba shiri na rage murya. Amma duka biyun an rubuta musu rock. Ga kuma punk, ga metal, ga grunge, ga indie. Shin abu ɗaya ne da gaske, ko duk abin da aka sa wa jita sai a ce rock? Kuma Elvis ɗin ne ya fara shi kamar yadda nake gani ana rubutawa?

Baffa_Garmaho ya rubuta:

Wa alaikumus salam 'yata. Kin sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Tun ina saurayi nake tara faya-fayen garmaho na wannan kiɗa, ina kuma ɗan taɓa jita, don haka ki yi haƙuri idan na ja zance.

Ba Elvis ya fara ba, shi kansa ya faɗa cewa tarar da abin ya yi. Tushen kiɗan na baƙaƙen fatan kudancin Amurka ne: blues na yankin Mississippi, da waƙoƙin coci, da kiɗan piyano mai tsalle-tsalle da ake kira boogie-woogie. Daga baya aka gauraya da country, kiɗan talakawan fararen fata na karkara. Da baƙaƙen fata suka yi ta barin gonakin auduga suna tafiya biranen arewa neman aikin masana'antu, sun tafi da kiɗansu. Muddy Waters ya isa Chicago a 1943 da jitarsa ta katako, ya tarar ba a jin ta a cikin hayaniyar gidajen rawa, dole ya koma ta lantarki. Akwai kuma wata mata, Sister Rosetta Tharpe, mai waƙoƙin coci, wadda tun a shekarun 1940 take kaɗa jitar lantarki da zafin da maza da yawa ba su kai ba. Ita ce ta ba Little Richard damar yin waƙa kafin wasanta a garin Macon a 1947, lokacin yana yaro.

Abin da ya haɗa Elvis da Metallica kuwa, ga yadda za ki ji shi da kunnenki. Ki sake saurare, amma ki bar muryar mawaƙi, ki bi mai ganga. Ki riƙa ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu. A kan biyu da huɗu za ki ji ƙaramar gangar nan mai kaifin sauti ta ce tas. Wannan dukan shi ne ƙashin bayan rock tun daga farko har yau. A faifan farko na Elvis ma babu ganga ko ɗaya, Bill Black ne yake marin tsirkiyar bas ɗinsa, wato babbar gogen katako mai kaurin sauti, don ta ba da wannan tas ɗin.

Na biyu shi ne dattin sautin jita, wato wannan gurnani da take yi idan an matsa wa amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, fiye da ƙarfinta. A 1951 ƙungiyar Ike Turner ta je Memphis ɗaukar waƙar "Rocket 88" a sutudiyon Sam Phillips, amfilifayar mai jitarsu Willie Kizart ta lalace a hanya. Aka cusa takarda a cikinta aka ɗauka a haka, tana ɓuɓɓuga. Phillips ya ji abin ya yi masa, ya bar shi. Mutane da yawa suna lissafa wannan faifai a matsayin na farko a rock and roll. Ni ban cika son zancen "na farko" ba, amma wannan dattin da aka samu bisa tsautsayi shi ne abin da makaɗa suka yi shekaru arba'in suna ƙara masa yawa har ya kai inda kika rage murya.

Sam Phillips ɗin nan shi ne ya ɗauki Elvis a watan Yulin 1954 yana rera "That's All Right", waƙar wani baƙar fata mai suna Arthur Crudup. A ƙarshen 1955 kamfanin RCA ya sayi kwangilar Elvis a kan dala 35,000, kuɗin da a lokacin aka ga ya yi yawa. A wannan shekarar Chuck Berry da Little Richard suka fito da ƙarfinsu. Idan ni za a tambaya, Chuck Berry ne ya tsara yadda ake kaɗa jitar rock da yadda ake rubuta waƙa a kan mota da makaranta da soyayyar samari. Kada ki manta da kayan aiki, tunda darasin tarihi kike yi: ƙaramin faifai mai waƙa ɗaya a kowane gefe ya fito a 1949, rediyon da ake sawa a aljihu ya shiga kasuwa a 1954, a shekarar da kamfanin Fender ya fito da jitar Stratocaster. Samarin Amurka na bayan yaƙi suna da ɗan kuɗi a hannu, kuma suna iya sauraron abin da suke so ba a falon iyayensu ba. Wani mai gabatar da shiri a rediyon Cleveland, Alan Freed, ya riƙa sa wa yaran fararen fata faya-fayen baƙaƙe tun 1951, a ƙasar da a jihohinta na kudu doka ta raba makarantu da kujerun bas.

Zangon farko bai daɗe ba. Little Richard ya ajiye kiɗa ya koma wa'azi a 1957, aka ɗauki Elvis soja a 1958, Buddy Holly ya rasu a haɗarin jirgin sama ranar 3 ga Fabrairun 1959, aka kama Chuck Berry a ƙarshen wannan shekarar, badaƙalar karɓar na goro daga kamfanonin faifai kuma ta gama da Alan Freed.

Sai abin ya ɓullo daga Ingila. Yaran Liverpool da Landan sun haddace faya-fayen Chicago da Memphis fiye da yaran Amurka. Beatles sun goge ne a gidajen rawa na Hamburg a Jamus tun 1960, suna kiɗa dare har kusan asuba. Rolling Stones daga wata waƙar Muddy Waters suka ɗauko sunansu. Ranar 9 ga Fabrairun 1964 Beatles suka fito a shirin talabijin na Ed Sullivan, mutum wajen miliyan 73 suka kalla. A shekarar nan Dave Davies na ƙungiyar Kinks ya sa reza ya tsaga fatar lasifikarsa da gangan don ya sami irin dattin da Kizart ya samu bisa tsautsayi.

Daga nan rassa suka fara fita. Bob Dylan, wanda aka sani da waƙar gargajiya, ya hau dandamalin bikin Newport a 1965 da jitar lantarki, wasu masoyan waƙar gargajiya suka yi masa ihu, amma folk rock, wato haɗin waƙar gargajiya da rock, ya riga ya samu. Beatles suka daina yawon wasa a 1966 suka tare a sutudiyo, suna juya tef baya, suna shigo da sitar na Indiya da gogen Turawa, albam ya zama shi ne aikin, ba waƙa guda ba. Jimi Hendrix, wanda sai da ya je Landan a 1966 kafin ƙasarsa ta san darajarsa, ya mayar da kukan da lasifika take yi idan jita ta matso kusa da ita ya zama kiɗa. Na yi shekaru ina ƙoƙarin riƙe wannan kukan a kan sauti ɗaya kamar yadda yake yi, ni dai har yau maƙwabta kawai nake tayarwa. Bikin Woodstock na Agustan 1969 ya tara mutum kusan 400,000. Kafin ƙarshen 1971 Hendrix da Janis Joplin da Jim Morrison duk sun rasu, kowannensu yana da shekara 27.

Bari in tsaya nan in huta, na san akwai masu jiran a zo kan metal.

Anti_Laraba ta rubuta:

Baffa sannu da ƙoƙari, amma ka wuce wani wuri da sauri, kuma wurin ne ya fi shafar darasin Ummi. Ka ce "aka gauraya", kamar kowa ya kawo nasa aka raba riba daidai. Ba haka aka yi ba.

Ƙanwata, ki nemo "Hound Dog" ta Big Mama Thornton, wadda ta fito a 1953, ki saurara kafin ki koma ta Elvis ta 1956. Sannan ki nemo "Tutti Frutti" ta Little Richard da wadda Pat Boone ya sake rerawa. Ta Boone ba ta da gishiri ko kaɗan, amma ita ta fi hawa sama a jadawalin waƙoƙin da fararen fata suke saye, saboda gidajen rediyo da yawa sun fi yarda su sa muryar fari. Har zuwa 1949 mujallar Billboard tana ware faya-fayen baƙaƙe a jadawalin da ta kira na launin fata, sannan ta canja masa suna zuwa rhythm and blues. Arthur Crudup da Baffa ya ambata ya rasu a 1974 yana talaka, bai ga kuɗin waƙoƙinsa yadda ya kamata ba. Willie Dixon sai da ya kai Led Zeppelin kotu a 1985 a kan kalmomin waƙarsa da suka ɗauka, aka sasanta a waje, daga baya aka sa sunansa a cikin marubutan waƙar.

Ba ina cewa Elvis ɓarawo ba ne. Yaron talakawa ne da ya tashi yana jin kiɗan nan a Tupelo da Memphis, kuma yana da murya. Tsarin kasuwar ne ya zaɓi wanda zai yi arziki. Abin mamakin ma, kafin shekarun 1970 an riga an mayar da rock kiɗan fararen fata a idon jama'a, har baƙar fata mai jita ya zama abin kallo a gidan da kakanninsa suka gina. Idan za ki rubuta wa malaminku wani abu, a nan naman yake.

Ƙarfe_da_Wuta ya rubuta:

Baffa ya ajiye daidai inda nake jira. Anti, gaskiyarki, ba musu.

'Yar'uwa, Metallica jikokin Black Sabbath ne, Sabbath kuma 'yan Birmingham ne, garin masana'antun ƙarfe a Ingila. Mai jitarsu Tony Iommi yana da shekara 17 injin yankan ƙarfe ya datse masa kan yatsu biyu, a hannun da yake danna tsirkiya da shi. Ya narka robar kwalba ya yi wa yatsun hula, ya koma amfani da siraran tsirkiyoyi, daga baya kuma ya sassauta ɗaurinsu don kada su yi masa ciwo. Tsirkiya idan ta yi sako-sako sautinta sauka yake yi ya yi kauri. Nauyin da kike ji a metal daga nan wani kaso nasa ya fito. Albam ɗinsu na farko ya fito ranar 13 ga Fabrairun 1970. Su ba waƙar furanni da soyayya suke yi ba irin ta 'yan California, yaƙi da tsoro da talauci suke rerawa.

A metal abin da ake bi shi ne rif, wato gajeren salon jita da ake ta maimaitawa, waƙar gaba ɗaya a kansa take zaune. Judas Priest, su ma daga yankin Birmingham, suka rage ɗanɗanon blues suka sa jita biyu suna tafiya tare. Motörhead suka ƙara gudu. Iron Maiden da ire-irensu suka taso a ƙarshen shekarun 1970. Yaran Amurka da suka ji waɗannan suka kuma ji punk, su ne suka haifar da thrash: Metallica da aka kafa a 1981, da Slayer da Megadeth da Anthrax. Mai ganga yana taka feda biyu da ƙafa biyu, mai jita yana danne tsirkiya da gefen tafin hannunsa yana sara da sauri, shi ne wannan jug-jug-jug ɗin. Bayan su aka sami death metal a Florida, inda mawaƙi yake gurnani daga maƙogwaro, da black metal a Norway. Ba zan ce ki fara da waɗannan ba.

Shawarata, kada ki yi tsalle daga Elvis zuwa Metallica kai tsaye. Ki bi ta Chuck Berry, Kinks, Hendrix, Sabbath, Judas Priest, sannan su. A kowane mataki ƙari kaɗan ne aka yi.

Baffa kuma na san zai ce Led Zeppelin ne suka fara metal. Ban yarda ba tun kafin ya faɗa.

Baffa_Garmaho ya rubuta:

Ɗana, ba zan faɗa ba. Zeppelin blues ne da aka ƙara wa murya, da yawa daga cikin waƙoƙinsu ma da jitar katako aka yi su. Na bar maka Sabbath. Laraba kuma kin cika min abin da na rage, na gode.

Abin da nake so Ummi ta lura da shi, kusan kowane reshe ya fito ne saboda wasu yara sun gaji da abin da yayyensu suke yi. A farkon shekarun 1970 rock ya yi ƙiba. Ƙungiyoyin progressive irin su Yes da Genesis da King Crimson suna waƙa ɗaya ta cinye gefen faifai guda, minti ashirin, da canje-canjen ƙirga da sai wanda ya yi karatun kiɗa zai bi. Wasu daga ciki ina son su ƙwarai, albam ɗin Pink Floyd na 1973 har yau ba na sa shi sai na kashe waya. Amma yaro mai shekara sha shida da ba shi da aikin yi, ya kalli mutum a kewaye da na'urori a filin wasa mai cin dubban mutane, ya san ba zai taɓa zama shi ba.

Punk amsar wannan ce. A New York akwai wani ɗan ƙuntataccen gidan rawa, CBGB, da aka buɗe a 1973. A nan Ramones suka goge. Albam ɗinsu na farko na 1976 waƙa 14 ne a cikin minti 29, an ɗauke shi a kan dala 6,400. Babu dogon kirarin jita, kod uku ne ko huɗu, wato kamun yatsu iri uku ko huɗu a wuyan jita, a ƙirga ɗaya biyu uku huɗu a afka. A Landan, inda rashin aikin yi ya yi wa matasa katutu, Sex Pistols da Clash suka ƙara masa fushi da siyasa. Idan kika cire askin da tufafin, abin da ya rage Chuck Berry ne da gudu. Shi ya sa nake cewa gidan ɗaya ne.

Punk bai yi ƙarko ba a matsayin yayi, Sex Pistols sun watse a farkon 1978. Abin da ya bari shi ne tunanin cewa ba sai babban kamfani ya yarda da kai ba: ka buga faifanka, ka shiga mota ka yi yawon wasa da kanka. Daga nan aka sami post-punk irin na Joy Division a Manchester, da hardcore a Amurka, su Black Flag da Minor Threat da Bad Brains. Laraba, Bad Brains baƙaƙen fata ne 'yan Washington, kuma babu wanda ya kai su gudu a lokacin.

Ummi_23 ta rubuta:

Na gode ƙwarai Baffa, Anti, da Yaya Ƙarfe. Na gwada ƙirgar nan, wallahi tana nan a kan biyu da huɗu. Saura grunge da indie. Kuma me ya sa yanzu ba na ganin ƙungiyoyin rock a saman jadawali?

Ƙarfe_da_Wuta ya rubuta:

Indie asalinsa ba salon kiɗa ba ne, duk ƙungiyar da take fitar da faifai a ƙaramin kamfani mai zaman kansa ce, abin da Baffa ya ce punk ya bari. R.E.M. a Amurka da Smiths a Ingila ta haka suka taso a shekarun 1980, gidajen rediyon jami'o'i suna sa su. A lokacin tashar MTV, da ta fara aiki ranar 1 ga Agustan 1981, ta cika da ƙungiyoyin metal na Los Angeles masu tulin gashi da kwalliya. Mu masoya metal muna jin kunyar wasunsu.

Grunge a Seattle ya taso, a kewayen wani ƙaramin kamfani, Sub Pop. Nauyin Sabbath ne aka haɗa da halin ko-in-kula na punk. Salon da aka fi sanin Nirvana da shi, baiti a hankali, amshi kuma a fashe da ƙara, mawaƙinsu Kurt Cobain ya faɗa da bakinsa cewa daga Pixies ya koya. Albam ɗin Nirvana mai suna Nevermind ya fito a Satumbar 1991, a Janairun 1992 ya ture na Michael Jackson daga matsayi na ɗaya a Amurka. Kamfanoni suka yi ta rububin ɗaukar duk mai tsohuwar riga da jita. Cobain ya rasu a Afrilun 1994. Ingila ta mayar da martani da Britpop, su Oasis da Blur. A Amurka kuma Korn da Linkin Park suka haɗa metal da rap, hanyar da Run-DMC da Aerosmith suka share tun 1986. Strokes da White Stripes suka sake komawa ga ɗanyen sauti a farkon shekarun 2000.

Batun jadawali, a 2017 kamfanin Nielsen mai ƙididdigar kasuwar waƙa ya bayyana cewa hip-hop da rhythm and blues sun wuce rock a Amurka a karon farko. Dalilan a fili suke. Ƙungiya tana buƙatar mutum huɗu ko biyar, da ganguna, da ɗakin gwaji inda ba za a kore su ba, da raba kuɗi gida-gida. Yaro ɗaya da kwamfuta a ɗakin kwanansa zai gama waƙa ya ɗora ta a intanet a daren. Sannan rock a kan albam ya ginu, sauraro ta intanet kuwa waƙa ɗaya-ɗaya ake bi. Amma wajen wasan kai tsaye har yanzu da ƙarfinsa. Bikin Wacken a arewacin Jamus, a wani ƙaramin ƙauye, yana tara dubun-dubatar masoya metal duk shekara, kuma sau da yawa tikiti yakan ƙare tun da sauran watanni.

Baffa, kai da ka ce ka bar min Sabbath, saura ka yarda cewa Motörhead sun fi Ramones. Ina jira.